Tukunya a Gindin Lalle

"Rufe idonki tukuna, Jiddata."

"Ba zan rufe ba. Wancan satin ma haka ka ce, na buɗe na tarar da hoton ɗan akuya."

"Ɗan akuyan nan fa cikin sadakinki yake. Ki riƙa ganin girmansa."

Maijidda ta kai bakin mayafi ta danne dariya. A zauren kawunta Ghali suke, a Ba'awa, bayan la'asar, Uzairu a kan tabarma ita a bakin dakali. Uzairu malamin firamare ne a Burumburum, can ƙasar Tudun Wada, kuma duk Asabar sai ya kaɗo babur ɗinsa ya zo, ko ana ruwa ko ana rana. An riga an sa musu rana, bayan an gama cire masara. Abu ɗaya ne ya rage: Kawu ya ce shi ba zai ba da marainiyar Allah a kai ta ɗakin haya ba, sai ya ga gida da idonsa.

Uzairu ya miƙa mata wayar.

Kango ne, ba wani sunan da za a ba shi. Ginin ƙasa, katanga ta zube ta gefe guda, tafasa ta cika tsakar gida har ƙugun mutum.

"Nan za ka kai ni? Ko dai jemagu ka samar wa amarya?"

"Duba saman ƙofar zauren. Jawo hoton kusa."

Ta sa yatsu biyu ta buɗa. A jikin yaɓen, saman ƙofa, an zana rubutun ajami da tsinke tun ƙasar na ɗanya. Ruwan shekaru ya cinye rabi, amma abin da ya rage yana karantuwa. Malam Shitu.

Sunan mahaifinta ne. Mahaifin da ya rasu tana ciki wata bakwai, wanda ko hotonsa ba ta taɓa gani ba.

"Wata uku ina cigiya," in ji Uzairu, murya ƙasa-ƙasa. "Bayan rabon gado an sayar, ya bi hannu uku. Mai shi na yanzu yana kudu, ya ce a sayar masa. Na ce in dai zan ajiye ki a Burumburum, to a gidan da babanki ya gina da hannunsa zan ajiye ki."

Maijidda ta ƙura wa rubutun ido. Sai kawai ta ga allon wayar ya jiƙe.

"Haba hasken idona... ni da na zo a yi murna."

"Murnar ce," ta ce. "Bari in nuna wa Inna."

To, da ta san abin da zai biyo baya, da ta tsaya ta ƙara shan iskar zauren nan.

Inna Kaltume na bakin murhu tana tankaɗen garin tuwo. Mace ce marar yawan magana, irin waɗanda ke shekara ba a ji muryarsu ta haye katanga ba. Ta karɓi wayar da bayan hannu don kada gari ya ɓata. Ta duba sau ɗaya. Rariyar ta sulluɓe daga cinyarta, gari ya watse a ƙasa, ba ta ko kalle shi ba.

"Wa ya aike shi?"

"Inna, gidan Baba ne. So yake ya gyara..."

"Na san gidan waye. Cewa na yi wa ya aike shi."

"Don ya faranta min ne."

Inna ta miƙa mata wayar kamar mai miƙa garwashi.

"Je ki gaya masa ya nemi wani. Ko bukka ce a bakin dajin Falgore na yarda. In kuwa ya saya ya kai ki can, wallahi ƙafata ba za ta taka gidan nan ba. Ko haihuwa kika yi, sai dai in ji a bakin mutane."

"Inna, me gidan ya yi miki?"

"Ayashe, tashi ki ba ni wuri."

Ayashe sunan da kakarta ta laƙaba mata ne, irin wanda ake sa wa yaron da aka haifa bayan na gabansa sun yi ta komawa. Maijidda ta san an yi biyu kafin ita, ba su zauna ba. Iyakar abin da ta sani ke nan, domin Inna ba ta taɓa ɗaga zancen ba. Kuma ba ta kiranta da sunan nan sai ranar da abu ya kai mata har wuya.

Ta koma zaure ta gaya masa. Uzairu ya saurara har ta gama, ya daɗe yana murza makullin babur a hannunsa.

"Jidda, ba ni da ƙarfin gina sabo. Bijimina na sayar, da buhunan shinkafar bara, shi ne ya kai kuɗin wannan da na gyara. In na bar shi, sai dai a ɗaga bikin zuwa baɗi, ko baɗin baɗaɗa. Ga wani Alhaji mai sayen hatsi ya taya, so yake ya rushe ya yi sito. Dillali ya ba ni zuwa Juma'a."

"To ya kake so in yi? Uwata ce."

"Ban ce ki saɓa mata ba. Ranar Talata zan kai magini ya duba. Wataƙila ma ya ce gidan ya mutu, kowa ya huta."

Ya tafi. Ita kuwa rubutun nan na saman ƙofa ya ƙi barin idonta. Tana wanke-wanke tana ganinsa, tana salla tana ganinsa.

Ranar Talata akwai sunan wata ƙawarsu a Tudun Wada. Ita da Muhsina, 'yar Kawu Ghali, suka shirya suka yi wa Inna sallama. Sun je sunan kuwa, ba a ce ba su je ba. Sai dai ko zama ba su yi sosai ba suka tari ɗan acaɓa zuwa Burumburum.

"In Gwaggo ta ji, ni ban san ki ba," in ji Muhsina a hanya. "Cewa zan yi sato ni kika yi."

"Ke da wannan jikin, wa zai iya sato ki?"

Sun tarar da Uzairu a ƙofar gidan tare da Ubale magini, wani dattijo siriri mutumin Kiru, mai fensir a bayan kunne da 'yar wuƙa a aljihu. Uzairu ya zaro ido da ya gan su, amma farin cikin fuskarsa ya ƙi ɓoyuwa.

"Amarya da kanta? To bisimilla," in ji Ubale. "Gara ma da kuka zo yanzu ƙarshen damina. Da rani kowane kango kyakkyawa ne. Yanzu ne ruwa ya gama tona masa asiri."

Maijidda ta yi sallama a bakin zauren, duk da ta san ba kowa. Muryarta ta shiga ta dawo mata. Wani sanyi ya fito daga ciki ya taɓa fuskarta, sanyi mai warin tsohuwar ƙasa da kashin jemage. Tsigar jikinta ta tashi. Ji ta yi kamar wurin ya ɗan yi shiru ne don ya dube ta.

Ubale kuwa ya shiga aikinsa. Yana bin bango yana buga shi da ƙotar diga, yana kara kunne kamar mai sauraron cikin mara lafiya. Ya hau kan turmin da aka bari ya soka wuƙa a azara, ya zare ya duba bakinta.

"Giginya ce, tsohuwa, baƙar nan. Gara ta gwada ta haƙura. Malam, wanda ya yi rufin nan ba don ya sayar ya yi ba."

"Katangar gabas fa, Baba Ubale?"

"Wannan ta riga mu gidan gaskiya. Indararon ya toshe, ruwa ya yi ta bin jikinta. Sai a tayar da ta bulo. Ɗakin girki ma a rushe. Amma zaure da babban ɗaki, in aka yi musu sabon yaɓe aka ɗora kwano, sai jikokinku."

Suka ratsa tafasa zuwa rijiya. Ya jefa tsakuwa ya saurara, ya leƙa ya shinshina. Daga nan ya taka zuwa tsohuwar salga yana ƙirga sawu a bakinsa. Sai ya ciro fensir ya yi wani ɗan zane a tafin hannunsa.

Maijidda ta zame ta shiga babban ɗakin ita kaɗai. Haske na shigowa ta wata 'yar taga. A bango ga zagaye-zagayen inda aka taɓa jera kwanukan amarya, har yanzu shatinsu na nan. Nan Inna ta zauna ke nan, tana yarinya kamarta. Ta bi bangon da hannu har kusa da ƙofa, sai yatsunta suka faɗa wani ɗan gurbi.

Sawun hannu ne. Ɗan mitsitsi, yatsu biyar, an danna shi a yaɓe tun yana ɗanye. Kusa da shi ga babban yatsan namiji, kamar wanda ya riƙe hannun ya danna.

Ta durƙusa. Sai kuma ta ji wani abu daga bayan ɗakin, siriri, kamar jariri ya fara kuka aka rufe shi da zane. Ta miƙe da sauri, ta hango Muhsina a bakin ƙofa.

"Muhsina, kin ji?"

"Me? Iska ce a indararo. Ko mage. Ke fito mana, ɗakin nan ni ba ya min."

A bayan ɗakin, a kusurwa, wata bishiyar lalle ce ta girma ta fi mutum tsawo, ta yi fure, ƙamshinta ya cika wurin. Abin mamaki, duk ciyawar da ta cinye gidan, gindinta ba ta yi yawa ba.

"Nan nake so a yi banɗaki," in ji Uzairu. "Ya yi nesa da rijiya."

"Sai na ga ƙasar tukuna, ko za ta riƙe rami."

Ubale ya tofa yawu a hannu ya ɗaga diga. Sara huɗu, biyar, ya kwashe da shebur. Da ramin ya kai kamu guda, bakin digar ya taɓa wani abu ya ce ƙwas. Ya sunkuya ya share ƙasar da hannu.

Bayan tukunya ne, baƙa, a kife.

Ubale ya ja da baya yana salati. Muhsina ta riƙe hannun Maijidda gam.

"Binne ne," ta ce da raɗa. "Wallahi asiri aka binne."

"Shi ya sa," in ji Ubale yana goge hannu a riga. "Da safe da na tsaya shan shayi, mai shayin ke ce min duk wanda ya shiga gidan nan ba ya rufa shekara biyu. Na ɗauka surutu ne. Malam Uzairu, gini dai na gaya maka, yana da rai. Amma ni ba na taɓa tukunyar da ban san wanda ya kife ta ba."

"To yanzu mene ne abin yi?"

"Biyu ne. Ko ka bar wa Alhajin ya kawo katafila ta kwashe har ita, ko ka samo malami ranar Alhamis a tone ta a ƙone abin da ke ciki. In an ƙone, ka kira ni."

Ya mayar da ƙasar da gefen shebur, ko kallon ramin ba ya son yi.

Uzairu ya raka su bakin hanya. Fuskarsa ta faɗa kamar wanda ya yi jinya.

"Ashe Inna ta san abin da take gudu. Ki yafe min, Jiddata. Zan sa a ƙone, in malamin ya ce ba komai shi ke nan. In kuma ya ce a bari... sai mu jira. Za ki iya jirana?"

"Ko shekara nawa ne," ta ce. Amma hankalinta na can gindin lallen. Ita ba tsoro ta ji a wurin ba. Abin da ta ji ya fi kama da kewa, kuma ta rasa kewar wa.

Washegari da hantsi Inna na tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Maijidda ta zo ta durƙusa a gabanta.

"Inna, na yi laifi. Jiya na je gidan."

Hannun Inna bai tsaya ba. "Na sani. Ƙamshin furen lalle na ji a mayafinki."

"Kin yi gaskiya, Inna. Gidan ba lafiya ba. Magini ya haƙa gindin lallen ya tarar da binne. Tukunya a kife. Gobe za a kira malami ya tone ya ƙone, in ba haka ba a bar wa mai katafila ya..."

"Ya haƙa ina?"

"Gindin lallen, bayan ɗaki."

"Ya ɗaga ta?"

"A'a, mayar da ƙasar ya yi."

Inna ta miƙe tsaye, gyaɗar da ke zaninta ta zube. Ta yi taku biyu kamar za ta ɗaki, ta dawo, ta dafa bango.

"Ƙonawa... za su ƙone min su? Ayashe, ba asiri ba ne. Yayyenki ne."

Maijidda ta zauna daɓas a ƙasa.

"A lokacin jariri ba a kai shi maƙabarta, a bayan ɗakin uwarsa ake sa shi. Tukunyar ruwana ce babanki ya raba biyu ya rufa wa na farin. Rabin ya ajiye, bai san zai buƙace shi ba. Bayan shekara biyu ya rufa wa Husna. Ni na dasa lallen don kada rana ta dake su."

"Inna, me ya sa ba ki taɓa..."

"In ce me? Ɗan fari ne. Yana raye ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa ɗaga shi na yi masa wasa a gaban mutane ba, kunya ta hana. Da ya koma ma, kuka a fili ban yi ba, kada a ce ba ni da ta ido. Mata suka ce nonona ne ba kyau. Da Husna ta bi shi, suka ce ai ga shi nan. Sai babanki. Ina gama takaba da haihuwarki na saɓe ki na fito, ko arba'in ban yi ba, ko waiwaye ban yi ba. Na bar su can su kaɗai shekara ashirin da ɗaya. Da wane ido zan koma? Kuma in ba da ke ki je ki haihu a inda nawa suka ƙi zama?"

Ta share fuska da gefen zani, ta gyara ɗaurin ɗankwali.

"Ɗauko min hijabina. Kira yaron nan ki ce kada wanda ya taɓa wurin."

"Rantsuwar fa, Inna?"

"Azumi uku ne. Zan yi."

Kafin azahar suna Burumburum, su biyu da Kawu Ghali. Uzairu da Ubale na jira a ƙofa. Uzairu ya zube har ƙasa.

"Inna, ina wuni. Ki gafarce ni, ban sani ba."

"Tashi, ɗan nan. Da ba ka nemo gidan ba, da katafila ce za ta same su ban ji ba."

Ta tsaya a bakin zaure ta ɗaga kai ta dubi rubutun. Ta daɗe. Sannan ta tuɓe takalmanta ta shiga da ƙafar dama, ba takalmi, cikin ƙaya da ciyawa. Ba ta nemi a nuna mata hanya ba.

A gindin lallen ta durƙusa ta shafa sabuwar ƙasar da Ubale ya mayar, tana lallaɓa ta kamar mai gyara wa yaro mayafi.

"Salamu alaikum," ta ce a hankali. "Na daɗe."

Ubale ya cire hularsa, hawaye na bin gemunsa.

"Hajiya, ki yafe min. Shekara talatin ina gini, na san ana yin haka, gidanmu ma an yi. Surutun mai shayi ne ya rufe min ido."

"Ba ka ɗaga ba ai. Allah Ya yi maka albarka."

Kawu ya ja addu'a aka shafa. Bayan nan Ubale ya yi gyaran murya, ya buɗe tafin hannunsa inda zanen jiya bai gama gogewa ba.

"Hajiya, in tambaye ki mana. Ruwan rijiyar nan kuke sha?"

"Shi muke sha. Har jariran, da shi ake ba su."

"Da wane lokaci suka koma?"

"Duk da damina. Gudawa da amai, kwana biyu uku."

"Daga salgar can zuwa bakin rijiya taku shida ne, kuma gangaren nan yake kallo. In ruwa ya cika ƙasa, abin da ke can yana iya biyowa nan. Ni ba likita ba ne, kuma kwana in ya ƙare ya ƙare. Amma ni dai ko kyauta ba zan ba jikana ruwan nan ba. Ina jin shi ke korar masu shiga gidan ma."

Inna ta juya ta dubi rijiyar. Ta dubi ƙirjinta.

"Ke nan... wataƙila ba nonona ba ne?"

"Da shi kika shayar da wannan," in ji Kawu Ghali yana nuna Maijidda. "A Ba'awa. Ga ta nan tsaye ta fi ki tsawo."

Nan fa kukan da aka ajiye shekara da shekaru ya samu ƙofa. Maijidda ta rungume ta suka zube tare a ƙasa. Mazan suka juya baya suka koma zaure, suka bar su.

Da ta samu kanta, Maijidda ta ja hannunta zuwa babban ɗaki ta nuna mata ɗan sawun hannun.

"Na ɗauka nawa ne."

"Nasa ne. Ranar da aka yi yaɓen babanki ya ɗauke shi ya danna, ni ina ta faɗa wai zai sa masa sanyi." Ta ɗora tafinta a kai ya rufe shi ruf. "Watansa biyar."

"Yaya sunansa, Inna?"

Inna ta buɗe baki. Ta rufe. Ta girgiza kai.

"Tambayi kawunki."

Ta fito zaure ta tsaya a gaban Ubale, idanu jajur amma murya a daidai.

"Malam magini, tsakaninka da Allah, gidan nan zai gyaru?"

"Zai gyaru. A cike rijiya da salga, a tayar da katanga, a yi rufi. Ruwa a riƙa ɗebowa a famfon unguwa kafin Allah Ya hore na gida."

"To Uzairu, ka saya. Amma da sharaɗi biyu. Kusurwar nan a zagaye ta da 'yar katanga, kada a daɓe ta da siminti. Bangon ɗakin kuma in za a yi yaɓe, a bar min wurin hannun nan."

"An gama, Inna."

"Banɗakinka kuma ka nemi wani wurin."

Kawu ne ya fara dariya, sannan sauran, dariya mai haɗe da jan hanci.

Aka yi ciniki ran Juma'a a gaban mai unguwa. Inna ta yi azuminta uku. Ana gama cire masara aka ɗaura aure, aka kai Maijidda ɗakin da aka taɓa kai uwarta, aka jera kwanukanta a kan shatin na da.

Ba zan ce muku ta daina jin ɗan kukan nan ba. Wani lokaci da yamma, in iska ta taso daga wajen Falgore, takan ji shi siriri ta bayan ɗaki. Uzairu ya ce ai an sauya indararon. Ita dai takan ajiye abin da take yi ta leƙa ta ce, "Ina nan," ta dawo ta ci gaba da aikinta.

Damina ta zagayo ta wuce, ta biyu ma ta kama, Maijidda ta sauka lafiya, namiji. A nan gidan ta haihu, Inna ce ta tare ta zo ta yi mata wankan jego. Ranar suna da safe Kawu Ghali ya leƙo daga zaure ya faɗa wa mata sunan da Uzairu ya zaɓa, sai tsakar gida ta yi tsit, aka juya ana satar kallon Inna.

"To sai a nemo masa laƙabi," in ji Muhsina. "Gwaggo ai ba za ta iya faɗar sunan ɗanta na fari ba. A ce masa Amir, ko Walid."

Inna na zaune a kan tabarma kusa da 'yar katangar lallen. Ta kakkaɓe zaninta ta miƙa hannu biyu.

"Ba wani laƙabi. Shekara ashirin da bakwai sunan nan na cikin bakina ban fitar ba."

Muryarta ta yi rawa, amma har zaure an ji ta.

"Ku miƙo min Mujitaba."